Wai Shin Gas Ɗin Esi Ƙarewa Yake Yi?



Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na Hausa, musamman na soyayya da suka cika kasuwa tun daga wajejen 1990, ya san akwai abu guda da ba ya taɓa lalacewa a cikinsu, wato iyakwandishan. Aure yakan mutu, mota takan yi hatsari, Alhaji yakan karye ya koma gidan haya, amma falon Hajiya kullum sanyin esi na ratsa shi haɗe da ƙamshin turaren wuta. Ban ga laifin marubutanmu ba, domin mai karatu ma sanyin yake nema. Sai dai a gidajenmu na zahiri, musamman daga watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, wannan na'ura ita ce ta fi kowace saurin ba mutum kunya. Ba mu manta da azumin 2024 ba, wanda a cikinsa, ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan muka ɗanɗana namu rabon. A irin wannan yanayi sanyin ɗaki ya wuce maganar gayu ga gidan da ke da jariri ko tsoho ko mai hawan jini.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mafi yawan abin da ke sa esi ya daina sanyi, maigida ko uwargida na iya magance shi da hannunsu ba tare da an kashe ko sisi ba, akwai kuma wani ɓangare da bai kamata ko kusa su taɓa ba. Matsalarmu ita ce mun juya abin. Wanda ya kamata mu yi mun raina shi, wanda bai kamata ba kuma shi ne wasu 'yan ƙarambani ke afka wa bayan sun kalli bidiyo guda a waya.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don rashin sani ya fi dare duhu. Esi ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ɗaki ya kai waje. Akwai wani gas da ke zagayawa a cikin bututun jan ƙarfe tsakanin kan da ke manne a bango a ciki da injin da ke waje. Idan ya iso ciki sai ya tsotse zafin iskar ɗakin, kwamfureso ya matsa shi ya tura waje, fanka ta hure zafin, ya sake dawowa. Haka yake ta zagaye, ba ƙofar fita. A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Gas ɗin girki ƙonewa yake yi shi ya sa yake ƙarewa, fetur ma haka. Na esi kuwa ba wuta ke cin sa ba, ba kuma shan sa injin yake yi ba. Idan an ɗaura na'ura da kyau, tana iya shekara 10 ba a ƙara mata komai ba. Saboda haka duk ranar da mai gyara ya ɗora hannu a bakin esi, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji gas ne ya ƙare," tambayar da ta dace ita ce, "To ta ina ya fita?" In dai da gaske ya ragu, akwai inda yake yoyo. Wanda ya cika maka bai toshe wurin ba, ya zuba maka ruwa ne a kwando, kuma zai dawo baɗi, ko ma kafin Sallah.

Wani abin da zai ba marubuta sha'awa, asalin wannan na'ura ma a maɗaba'a aka haife ta. A 1902 ne wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara ta domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, wadda laimar iska ke sa takardunta su kumbura launuka su ƙi hawa daidai. Wato laima aka fara yaƙa kafin a zo kan zafi. Shi ya sa har gobe esi ke tatsar ruwa daga iska, ka ga yana ɗiga ta ɗan bututu a bayan ɗaki. Idan wata rana ka ga ruwan nan ya koma yana zuba a cikin ɗaki yana ɓata fenti da kafet, galibi bututun ne ya toshe da laka da gansakuka, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa. A zagaya baya, a duba bakin, a zura siririyar waya ko a hura shi. Aikin minti 10 ne.

Babban abokin gabar esi a ƙasar Hausa kuwa ƙura ce. Tun daga Nuwamba har Fabrairu hunturu na shigo mana da ita ta kowace kafa, na'urar na rataye ba a kunna ta, sai zafi ya kama a danna rimot a ce ta yi aiki. Idan ka ɗaga murfin gaban na ciki za ka ga wasu raga guda biyu masu kama da rariya, da hannu ake zare su, ko sukundireba ba a bukata. Na taɓa ganin wadda aka ciro a gidan wani maƙwabcina, wallahi sai ka rantse bargo ne. Iska ba ta wucewa, sanyin ya taru a ciki har ƙanƙara ta kama bututun, ɗaki kuma ya zama gidan burodi. A kashe wuta daga soket, a zare ragar, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa ta bushe, a mayar. A lokacin ƙura duk mako biyu ya kamata a yi. Injin waje ma haka, siraran ƙarafan bayansa sukan cushe da ƙura da gashin kaji da leda. Bayan an kashe wuta, a wanke su da ruwa a hankali ba da ƙarfi ba don kada su lanƙwashe, a kuma kiyaye wurin da wayoyi suke. Sannan a janye buhunan gawayi da tsofaffin kwanuka da muke jibgewa a gabansa, domin injin da bai samu numfashi ba ba zai fitar da zafi ba.

A nan ina da magana ta musamman da 'yan uwana mata, tunda na san ku ne kuka fi yawa a masu karatunmu. Wa ke wuni a ɗakin nan cikin zafi? Ke ce da yara. Maigida ya fita tun safe, wataƙila ofishinsa ko shagonsa da sanyi. Mai gyara kuma namiji ne, gida ba a shiga, ballantana ɗakin barci, dole sai ranar da maigida ke nan kuma mai gyaran ma yana da sarari, alhali a watan Afrilu wayarsa ba ta hutawa. Haka za a kwashe mako guda ana fifita da mafici a kan abin da ke da kanki za ki gama kafin tukunyarki ta tafasa. Matar da ke kwance keken ɗinki ta sa masa mai, ta kwance injin markaɗe ta wanke, ban ga dalilin da zai sa ragar esi ta gagare ta ba. Abin da kawai ya hana shi ne an sa mana a rai cewa kaya ne mai tsada, na maza, kada a taɓa.

Su kuma mazan, tasu cutar daban ce. Da zarar mutum ya yi boko ko ya ɗan samu abin hannu, riƙe filaya ya zama abin kunya. Kakanninmu da kansu suke yaɓen ɗakunansu kafin damina, su gyara indararo, su ɗaure ƙotar fartanya. Mu kuwa ko batirin rimot ne ya mutu sai an kira yaro. Ba raha nake yi ba, ana kiran mai gyara a kan batiri, ana kuma kiran sa saboda yaro ya danna rimot ya mayar da na'urar kan fanka zalla. Abin mamaki, Turawan da muke kwaikwayo sun fara komawa inda muka baro. A 2009 aka buɗe wurin haɗuwa na farko a birnin Amsterdam inda mutane ke kawo kayan gidansu da suka lalace a koya musu gyara kyauta, Faransa kuma tun Janairun 2021 ta wajabta a riƙa manna wa wasu kayan lantarki maki da ke nuna sauƙin gyaransu.

Akwai kuma maganar aljihu. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan abin da ya haura kilowat guda, to in ƙura ta hana kwamfureso hutawa ya kwana yana aiki awa 8, lissafi ya nuna an doshi yunit 10, wato sama da naira 2,000 a dare ɗaya a wancan farashi, kuma ba a samu sanyin ba. Wanda ke kan janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba sai an yi masa bayani ba.

Daga nan sai mu shiga inda ƙafa ke iya zamewa. Idan komai tsaf yake amma ka ji injin waje ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, ya yi ƙas ya tsaya, can ya sake gwadawa, abu biyu ake fara zargi. Na farko ƙarancin wuta. An ƙera na'urorinmu ne a kan wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, in ta faɗi ƙasa sosai kwamfureso ba zai iya tashi ba, sai dai ya yi ta zafi har ya ƙone. Maganin wannan sitabilaiza ce, da haƙurin kashe na'urar in ka ga ƙwan ɗaki ya yi ja. Haka nan in an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, a ba shi kamar minti 3 kafin a kunna. Na biyu shi ne kafasita, wani ɗan gwangwani mai kama da na maganin sauro da ke cikin injin waje, wanda ke taimaka wa kwamfureso ya tashi ya ci gaba da juyawa. Zafi na kashe shi, sau da yawa za ka ga kansa ya kumbura ko yana zubar da mai. Ana samun sa a Sabon Gari, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfureso ba. Na san gidajen da aka ce musu kwamfureso ya mutu, suka sayar da injin ga 'yan gwangwan, alhali wannan ɗan abu ne kawai.

To shin mutum ya canja da kansa? Ni dai ban hana wanda ya san kan wuta ba, amma a sani cewa kafasita na iya riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare soket, kuma tana iya jefar da ƙato. Masu sana'a sai sun sauke wutar kafin su taɓa. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, ya kira mai gyara ya tsaya a kansa ya kalla, ya ɗauki hoton wayoyin kafin a cire, ya tabbatar lambar da ke jikin sabon daidai take da ta tsohon. Sanin sunan abin kaɗai ya isa ya sa a yi maka ciniki na mutunci. Amma in na'urarka irin ta zamani ce mai inbata, ko injin yana rataye a bene, kada ka fara. Garin neman gira ake rasa ido.

Gas kuwa, babu ruwan maigida da shi, ko da wasa. Iri-iri ne, kuma an rubuta na kowace na'ura a jikin injin waje. Tsofaffi R22 suke sha, wanda duniya ke janyewa daga gare shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Bayansa aka kawo R410A mai matsi fiye da shi nesa, sai R32 wanda ke iya kama wuta, akwai ma R290 wanda ɗan uwan gas ɗin girki ne. Ba a gauraya su. In ya tsartu a fata yana ƙona ta da sanyi. Gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda kuma, in ta haɗu da man kwamfureso, fashewa take yi kamar bam, da naitirojin ake wannan aiki. Aikinka a nan ido ne da baki. Duba mahaɗar bututu ko akwai danshin mai da ƙura ta manne a kai, yawanci nan ne yoyon yake. Ka ce a shafa kumfar sabulu ka gani da idonka, a toshe, a zuƙe iskar da ke cikin bututun da injin zuƙa, sannan a cika da irin gas ɗin da aka rubuta.

Na san wani zai ce, "Malam, ai kana cire wa masu sana'a tuwo a baki." Ban yarda ba. Mai gyaran kirki ya fi kowa jin haushin a kira shi daga Kurna zuwa Hotoro cikin rana a kan wanke raga, a ƙarshe a miƙa masa abin da ko kuɗin mai bai kai ba. Mu ma muna da hannu a ɓacin sana'ar, domin in ya faɗi gaskiya cewa ƙura ce sai mu ga bai yi aikin da za a biya shi ba, in kuwa ya sauke tukunyar gas daga babur sai mu buɗe bakin aljihu. Mu muka koya wa marasa tsoron Allah daga cikinsu inda kuɗin yake. Wanda ya zo ya duba ya ce maka ba komai sai datti, biya shi kuɗin zuwansa da na iliminsa cikakke, ka kuma adana lambarsa, don in ranar toshe yoyo ko sauya kwamfureso ta zo, shi za ka nema.