Sharhi: Ƙafar zubi a tsohon babur, kwalliya ce ko kasada?

Duk wanda ya tsaya ko da na rabin awa ne a bakin hanyar Tillaberi, tsakanin Yantala da Gudel, zai ga abin da muke son tattaunawa a yau. Ga tsohuwar Yamaha Mate ko ƙaramar Honda ta zamanin iyayenmu, fenti ya koɗe, kujera an ɗaure ta da roba, amma ƙafafu sababbi fil suna walƙiya. An cire tsohuwar ƙafa mai waya, an sa ta zubi, wato jant ɗin alminiyom mai yatsu biyar ko shida, wanda a Najeriya ake ce wa rim. Matasa na so, ƴan kabu-kabu na so, har dattawan da suka gaji da zarya wurin mai gyara sun fara bi.

To, tambayar ita ce: wa ya ƙera waɗannan ƙafafun, kuma wa ya gwada su kafin a ɗora musu magidanci da matarsa da buhun kayan lambu?

Me ya sa ake canzawa?

Mu fara da yi wa masu canjin adalci, domin suna da hujja. Ƙafa mai waya tana son kulawa. Waya takan saki, takan karye, bakin ƙarfen yakan yi tsatsa, kuma dole sai da tub a cikin taya. Ƙusa ko ƙaya ta huda, nan take iska ta fice, sai turi zuwa wurin mai faci. Ita kuwa ƙafar zubi, in dai an ƙera ta don haka, tana ɗaukar tayar da ba ta buƙatar tub. In ƙusa ta shiga, iska a hankali take sauka, ana iya toshe hudar ba tare da an kwance ƙafa ba. Ga sauƙin wanki, ga kyan gani. Ga ɗan kabu-kabun da kowace awa kuɗi ce a wurinsa, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Asali, kwafi da jabu

Sai dai akwai abin da da yawa daga cikin masu saye ba su lura da shi ba. Honda ta fara fitar da ƙaramin babur ɗinta Super Cub a 1958, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Tsofaffin samfuran da suka cika ƙasashenmu, irin su C50 da C70 da C90, da takwararsu Yamaha Mate, da ƙafa mai waya suka fito daga masana'anta. Ƙafar zubi sai a shekarun 1970 ta fara shiga babura sosai, kuma a kan manya ta fara, irin su Yamaha RD400 na 1976. Ke nan idan mai shago ya miƙo maka jant na zubi ya ce "orijinal" ne na tsohuwar Mate, maganar ba ta zauna ba. Ko dai an ciro shi ne daga wani babur na daban, ko kuma wani kamfani ne ya kwaikwaya ya yi daidai da girman.

Kwaikwayo a kan kansa ba laifi ba ne. A Turai da Japan ma akwai kamfanonin da ke ƙera kwafin ƙafafun tsofaffin babura saboda masu ajiye su don sha'awa. Amma can ana fito da babur ɗin ne ranar hutu, a zaga a kan kwalta mai santsi, a goge a mayar ɗaki. A nan Gudel kuwa tsohon babur jakin gida ne. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kwaso salati da kabeji daga lambunan bakin kogi, shi ke haye gadar Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021 ya dawo, shi ke shiga yashi da ramukan lungu.

Saboda haka kaya iri uku ne a kasuwa, ya kamata kowanne a kira shi da sunansa. Akwai na asali, wanda kamfanin babur ya yi wa babur ɗinsa. Akwai kwafi na gaskiya, mai sunan wanda ya ƙera shi da lambar girmansa a jiki. Sannan akwai jabu, wanda ko ba shi da suna sam, ko an manna masa sunan wani. Matsalarmu ita ce a kan teburin mai shago, na biyu da na uku kamarsu ɗaya, walƙiyarsu ɗaya.

Yadda ƙafar zubi ke karyewa

Duk ɗan Yamai ya san maƙeran tukwane na kasuwar Katako, masu narka tsohon alminiyom su zuba a yashi su fitar da tukunya. Sana'a ce mai daraja, kuma za ta taimaka mana mu gane batun. Alminiyom yana narkewa a zafin da ya kai maki 660. Wurin zubi, idan iska ta maƙale a ciki ko datti ya shiga, sai a samu ƴan ramuka a cikin ƙarfen waɗanda ido ba ya gani. A tukunya, iyakar abin yoyo ne, a like a ci gaba da girki. A ƙafar babur mai gudu, wannan ramin shi ne mafarin tsaga.

Shi ya sa kamfanonin kirki ba sa zuba kowane tarkace. Suna haɗa alminiyom da sinadaran silikon da maganiziyom bisa awo, bayan zubi su sake gasa ƙafar na awoyi don ta yi ƙwari, sannan su gwada. Akwai ma ƙa'idar duniya ta musamman kan gwajin irin wannan ƙafa ta babur, mai lamba ISO 8644: a juya ta da nauyi a kai na dogon lokaci, a doke ta, a murɗa ta, a ga ko za ta jure. Kowane mataki kuɗi ne. Mai son ya sayar da araha, a nan yake yankewa, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido.

Ga inda bambancin yake da haɗari. Ƙafa mai waya tana gargaɗi kafin ta mutu. Ta faɗa rami, sai ta lanƙwashe, ta fara rawa, ka ji a hannunka, ka lallaɓa zuwa wurin mai gyara ya miƙe ta, ya canza waya biyu ko uku. Ƙafar zubi ba ta da wannan haƙurin. Mai kyau takan ɗan lotsa a baki. Marar kyau kuwa tsagewa take yi, wani lokaci ta balle gaba ɗaya, kuma in ƙafar gaba ce, babu abin da direba zai iya yi. Ba banza ba har yau baburan da aka yi don jeji da hanyoyin jar ƙasa suke zuwa da ƙafa mai waya.

Sai kuma walda. In jant ya tsage, da yawa sukan kai a like, a goge, a fesa fenti. Zafin walda yana ɓata ƙwarin da gashin masana'anta ya ba ƙarfen a wannan wurin. Daga waje lafiya lau, daga ciki an raunana shi. Irin wannan ne kuma yakan sake dawowa kasuwa a matsayin na hannu.

Iyakoki da tsadar kaya

Me ya sa batun ya fi damun mu a yanzu? Sai mun dubi hanyar da kaya ke bi. Nijar ba ta da teku, kuma kafin 2023 mafi yawan hajojinmu ta tashar Kwatano suke sauka, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, tafiyar kilomita dubu da ɗan wani abu zuwa Yamai. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris na wannan shekarar, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren na iyaka da Benin bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin dako ya hau.

Hanya ta biyu ita ce Najeriya. Kayan gyaran babur da ake ƙerawa a China da Indiya suna sauka a can, su bi ta manyan kasuwanni irin na Nnewi da Onitsha da Kano, su shigo mana ta Konni ko Maraɗi. Kafin jant ɗaya ya iso shago a Yamai ya wuce hannu da yawa, sau tari ba kwali, ba takarda.

To kun ga, idan kuɗin dako ya hau alhali aljihun mai saye bai ƙaru ba, ɗan kasuwa abin da zai fita da wuri yake saro wa. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Mai kyau ya yi tsada ya kwana a shago, mai araha ya tafi. A hankali sai marar kyau ya kori mai kyau daga kasuwa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, amma a nan adon ne ma take yi, ƙwarin ne babu.

Ina hukuma ta shigo?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Gudu, rashin hular kwano da lalacewar hanya su ne aka fi ambata, kuma gaskiya ne. Amma idan babur ya faɗi aka ga ƙafa a karye, yawanci cewa ake faɗuwar ce ta karya ta. Ba kasafai ake tambaya ko karyewar ce ta jawo faɗuwar ba.

Muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER, muna da ANMC mai kula da ƙa'idoji da ingancin kaya, ga kuma jami'an duwan a bakin iyaka. A ganinmu abubuwa uku za su taimaka, kuma ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Na ɗaya, kada a bar ƙafar zubi ta shigo ba sunan maƙeri da lambar girma a jikinta. Na biyu, masu rubuta rahoton haɗari su riƙa nuna ko wani sashe na babur ne ya karye, don a san girman matsalar. Na uku, a zauna da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da makanikai, domin su ne suka san irin jant ɗin da ke yawan dawo musu a tsage. Hana shigo da kwafi gaba ɗaya ba mafita ba ce, don ba don kwafi ba da tsofaffin baburan nan sun daɗe a bola.

Kafin ka biya kuɗi

Ɗan'uwa mai babur, kafin hukuma ta motsa, kai ne mai binciken kanka. Kar ka yi cinikin biri a sama. Ka je da makanikenka, ba yaron shago ba.

A duba lambar da ke jikin jant. In an rubuta 1.40 x 17, faɗinsa da girmansa ke nan, kuma dole su dace da taya da babur ɗinka. A duba ko an yi shi don taya marar tub, domin ba kowane na zubi ne haka ba. A juya shi ta ciki, inda ba a goge ba, a nemi ƴan ramuka, tsaga a gindin yatsu, ko alamar walda ƙarƙashin sabon fenti.

Wurin ɗaurawa, in ka ga an ɗauko guduma da zarto da tarin wasa-wasan ƙarfe don a tilasta masa shiga, to ba na babur ɗinka ba ne. Gangar birki ta zauna daidai da takalmin birki, sandar tsakiya ta shiga boris ba sako-sako, sarƙa ta tafi a miƙe. Birkin da bai kama da kyau ba ya fi tsaga saurin kai mutum asibiti. Ka karɓi takardar saye mai sunan shago. Mai kayan kirki ba ya jin tsoron ba da ita.

Bayan an ɗaura, duk ranar da ka faɗa babban rami, musamman bayan damina da ruwa ya ci hanyoyi, ka tsaya ka duba. Tayar da ke rage iska kullum ba tare da huda ba, wataƙila jant ne ya tsage. Wanda ya tsage kuwa a kai shi ga masu sayen tsohon ƙarfe, kar a like.

In kuwa yawancin tafiyarka a yashi ne da jar ƙasa, da kaya a baya, shawararmu ita ce ka bar tsohuwar ƙafarka. Sabon bakin ƙarfe da sababbin wayoyi a hannun gwanin ɗauri za su kai ka shekaru. Har yanzu akwai dattawan da suka iya wannan aiki a ƙarƙashin bishiyoyin unguwanninmu, masu juya ƙafa su kalle ta da ido ɗaya su san wayar da za a ja. Duk jant ɗin zubin da aka ɗaura, ciniki ɗaya ne ya ragu musu, kuma yaran da ke koyo a wurinsu suna raguwa. Ranar da aka neme su aka rasa, ko wanda ke son komawa ƙafa mai waya ba zai samu mai ɗaura masa ba.

Wanda ya ga dama ya yi wa babur ɗinsa kwalliya, haƙƙinsa ne. Abin da muke roƙo shi ne ya san abin da ya saya, domin ba shi kaɗai ke hawa ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.