Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Inshora Na Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan mutanen da ke fita daga hatsarin mota da ransu amma hankalinsu bai sake kwanciya ba, da irin sallamar da ake yi musu idan sun je neman diyya.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumarka ta NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka ce abin da za a biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara tare motoci suna neman takardar. Mun biya, muna kan biya, ban kuma ja da hakan ba. Sai dai an yanke wa bamba da fitila kuɗi, ba a yanke wa mutumin da ya daina barci ko kwabo ba.

Ƙanena yana sarin atamfa a Kantin Kwari yana kaiwa Kaduna. Wata tirela ta ƙwace ta afka wa bas ɗin da yake ciki a hanyar Zariya. Shi karaya ya samu a hannu. Mutumin da ke gefensa, wanda suke ta hira tun daga tasha, a jikinsa ya cika kafin a yanka ƙarfe a zaro su. Hannun ya ɗoru. Amma tun daga lokacin, cikin dare sai ya zabura da salati, gumi sharkaf, yana cewa a janye masa mutumin. Hon ɗin babbar mota na sa shi durƙushewa a bakin titi. Warin fetur na tayar masa da zuciya. Mutum mai fara'a ya koma yana daka wa 'ya'yansa tsawa don sun buga ƙofa. Abin da ya fi karya mu shi ne ba ya iya shiga mota. Ko a daidaita sahu sai ya runtse ido. Ɗan kasuwar da abincinsa ke kan hanya, in ya kasa hawa hanya, me ya rage masa?

A gida aka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Ba na raina addu'a, da ita muke tsaye har yau. Amma sai da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa muka ji cewa ciwo ne sananne, likitoci na kiransa PTSD, tun 1980 yana cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, kuma yana jin magani idan an zauna da mara lafiya akai-akai. Zaman nan kuwa kuɗi ne, magani kuɗi ne.

Tirelar tana da inshora, har muka yi murna. Kamfanin ya nemi rahoton 'yan sanda, hoton ƙashi da rasidan asibiti, muka kai. Bayan doguwar zarya aka biya kuɗin ɗori. Da na miƙa rahoton likitan ƙwaƙwalwa, ma'aikacin ko shafi na biyu bai buɗe ba. Ya turo min takardar ya ce, "Malam, ai ɗan'uwanka sai godiya, ga shi yana tafiya da ƙafarsa." Da na matsa, aka ce in ban gamsu ba kotu a buɗe take. Ranka ya daɗe, wanda jarinsa ya narke a magani, da me zai ɗauki lauya ya yi shekaru yana jiran a ɗaga shari'a? Sun san ba za mu je ba, shi ya sa suke faɗa.

A ganina tushen abin biyu ne. Tsohuwar dokar inshorar motoci da muka gada tun 1945 ta yi maganar mutuwa ko rauni a jiki, kamfanoni kuwa suka laɓe a bayan kalmar, kamar ƙwaƙwalwa ba a jiki take ba. Sannan akwai halinmu na cewa ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya kyakkyawa ce tsakanin direba da wanda ya buge, amma kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi bai kamata ya ci ribar haƙurinmu ba. Kuma ba baƙon abu muke nema ba: malaman fiƙihu tun tuni sun ce wanda aka gusar wa hankali cikakkiyar diyya ake ba shi, daidai da ta rai. Ban ce ciwon ƙanena ya kai nan ba, amma magabata sun san hankali abin biya ne.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Na ɗauka daga nan komai zai bi. Har yau ban ga alamar labarin ya isa teburin masu biyan diyya ba.

Roƙona shi ne hukumarka ta fitar da umarni a rubuce cewa rahoton ƙwararren likita daga asibitin gwamnati, irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri, hujja ce da dole a duba, kuma wanda ya ƙi biya ya rubuta dalilinsa. Za a ce wasu za su yi ƙarya. To, rasidin karaya ma ana ƙirƙirarsa, ba a kuma daina biyan karaya ba. In ana tsoron ba mutum kuɗi a hannu, a biya asibiti kai tsaye. A kuma sanar da hanyar kai ƙorafi a rediyo da Hausa, domin yawancin masu takardar nan sun ɗauka amfaninta kawai wuce shingen 'yan sanda.

Ya kamata ku zauna da hukumar kiyaye haɗurra ma, tunda lissafin da ake fitarwa ya tsaya ga matattu da masu rauni. Waɗanda suka tsira daga gobarar tankar Majiya a Oktoban 2024, da 'yan wasan Kano da suka ga abokansu sama da 20 sun rasu a gadar Dakatsalle a Mayun 2025, suna buƙatar mai bibiyar yadda suke kwana.

Ina kyautata zaton wasiƙar nan za ta iso gare ka, ko da yake na gaji da kyautata zato. In hukumarka na ganin doka ba ta ba ta ikon yin wannan ba, a fito a faɗa mana a fili, mu san Majalisar Tarayya za mu nufa.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai biyan inshora daga Kano