Shiru Ba Haƙuri Ba Ne

Ku 'yan makaranta na Marnona da Wurno da Rabah da Goronyo, ku saurara. Ba da daɗewa ba za ku fita, wani ya zama akawu, wani malamin asibiti, wani malamin gona. Kowannenku zai sami wani bisa kansa, cikin shugabanni kuwa akwai adali, akwai azzalumi. Ran da azzalumi ya yanke maka albashi ba laifin tsaye ba na zaune, ko ya ɗora maka kuskurensa, za a ce maka, "Yi shiru, mahaƙurci mawadaci." Ni kuwa na ce an ajiye wannan magana ba a muhallinta ba. Ana haƙuri da ciwo da fari da mutuwa. Amma abin da mutum ya ƙwace maka da hannunsa, in ka yi shiru ka taya ɓarawo ɗaukar kaya ke nan.

Ku tambayi tsofaffi labarin ɗiban gwamna. Cikin 1942, da Jafan ta kame Malaya, Ingila ta rasa kuzar yaƙi, sai aka shiga ɗiban mutane tilas daga lardunan Arewa, har da lardin Sakkwato, ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos, ba a daina ba sai 1944. Ga sanyi, ga ƙarancin abinci, ga helma ya sa hannu cikin ɗan abin da aka biya. Waɗansu suka mutu can, waɗansu suka gudu cikin dare. Wanda ya gudu ya tsira da ransa, amma hakkinsa ya tafi, helma kuwa yana nan zaune yana jiran na baya.

To, ku dubi 1945. Ma'aikatan reluwe da na gidan waya da sauransu suka ga tsada ta fi ƙarfin albashi, suka haɗa baki suka ajiye aiki fiye da kwana 40. Gwamnati ta sa aka bincika, cikin 1946 aka ƙara musu kuɗi. Ashe gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka in an cuce ka, kada ka yi zagi, kada kuma ka sulale. Kai da ka iya alƙalami, rubuta rana da abin da ya faru, ka nemi shaidu cikin abokan aiki. Ka sami shugaban ka faɗa masa da ladabi. In ya ƙi ji, kai takarda ga na gaba da shi. Akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a tun 1975, akwai kotun ma'aikata tun 1976, ba don ado aka kafa su ba.

Saura magana ɗaya. Wata rana kai ne za ka zauna bisa kujerar nan, takardar albashin masinja da lebura tana hannunka. Ran nan ka tuna zafin da ka ji. Allah ya kiyashe mu da cin gumin wani, amin.