Masu ƙidayar matan Abiola, kun bar jaki kuna dukan taiki

A nan Madarunfa, idan uba ya so cire ɗansa daga lakwal ya tura shi safarar fetur ta Ɗan Isa, hujjarsa guda ce: wai dukiya ba ta tambayar takarda. Idan kuma ɗiya ce za a aurar tun tana aji shida, sai a ce wane attajiri ne ya taɓa tambayar karatun matarsa? Shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma sunan da dattawan da suka yi fatauci a Najeriya suka fi kawo mini misali da shi shi ne Mashudi Abiola: kuɗi kamar ƙasa, mata birjik, kyauta ba lissafi. To iyaye, ku saurara, labarin mutumin nan a kanku yake ba da shaida.

An haifi Abiola a Abekuta a 1937, cikin talauci. Yana yaro itace yake sayarwa don ya taimaki gida, amma bai saki makaranta ba. Ya gama sakandare a garinsu, ya tafi jami'ar Glasgow a Birtaniya ya karanta lissafin kuɗi. Takardar nan ce ta shigar da shi kamfanin sadarwa na ITT, inda arzikinsa ya bunƙasa, har ya kafa jaridar Concord a 1980. Da ubansa ya yi irin tunaninku, da a kasuwar itace zai ƙare. Yaron da kuka ɗora bisa babur da jarkoki shida, wace ƙofa kuka buɗe masa in ban da ta asibiti da ta duwan?

Ban ce Abiola waliyyi ne ba. Dukiyarsa ta yi ƙiba da kwangilolin gwamnatocin soja, kuma abokin Janar Babangida ne. Ya zaci kyauta da abota za su kai shi fadar shugaban ƙasa. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya kayar da Alhaji Bashir Tofa har a jiharsa ta Kano, amma abokin nan nasa ya soke zaɓen. A nan ɗan kasuwa ya koma ɗan gwagwarmaya. A Yunin 1994 ya bayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, Janar Abacha ya kulle shi, ya ƙi janye maganarsa don a sake shi, ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. Kuɗin da kuke yaba masa ba su buɗe masa ƙofar kurkuku ba.

Yanzu mu zo kan matan da kuke ƙidayawa. Uwargidansa Simbiyat ta rasu a 1992, kafin zaɓen. Tun kafin a rufe shi, manyan da suka ci tuwonsa da yawa sun koma bayan Abacha, har wanda ya tsaya masa mataimaki, Babagana Kingibe, ya karɓi minista a gwamnatin sojan. Wadda ta tsaya ita ce Kudirat, haifaffiyar Zariya. Ta yi magana da ƴan jarida na gida da na waje, ta mara wa yajin aikin ma'aikatan man fetur baya a 1994, ta ƙi yin shiru, har aka harbe ta cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Ɗiyarta Hafsat, wadda ke karatu a jami'ar Harvard ta Amurka a lokacin, ta ɗauki tutar, ta kafa ƙungiya da sunan mahaifiyarta. Mace da ta san karatu ce ta riƙe sunan gidan, ɗiya da aka bari ta yi karatu ce ta gaje ta. Yawan iyalin kuwa, abin da ya bari bayan mutuwarsa shi ne rigimar gado, har da gwajin jini don tantance ƴaƴa.

Na san abin da za a ce mini: Alhazan Maradi nawa ne suka yi arziki da gyaɗa da fataucin kan iyaka ba tare da sun zauna benci ba? Gaskiya ne. Amma ku je ku duba inda suka kai ƴaƴansu. Suna Yamai, suna Kano, suna ƙasashen waje suna karatu, domin iyayen sun gaji da biyan wani ya karanta masu takardar banki. Attajiri na kai nasa makaranta, talaka na cire nasa yana cewa koyi yake da attajiri. Wannan wace irin koyi ce?

A Nijar, cikin ƴan mata huɗu, kusan uku ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maradi na sahun gaba. Tun 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace, amma doka ba ta shiga zaure sai mai gida ya yi mata iso.

Ƴan uwana malamai, idan kujerar yarinya ta kwana uku ba kowa, kada mu tsaya ga jan layi cikin rajista. Mu taka har gidan, mu tafi da shugaban iyayen yara, mu nemi mai gari da liman su sa baki. Ku kuma iyaye, in har Abiola ne madubinku, ku duba shi gaba ɗaya. Ranar da aka rufe shi, wa ya tsaya? Ku tambayi kanku: idan irin ranar nan ta zo gidanku, ɗiyar da kuka cire daga aji shida za ta iya karanta ko da takardar sammaci?