A SHATA LAYI TUN KAFIN A KAWO KATAFILA

Jama'a ba su manta ba, ran Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na birnin Zazzau ya rufto kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Wannan masallaci Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, shekara kusan 190 ke nan, har masana gini na ƙasashen waje suna zuwa kallonsa. Da ya faɗi manya sun zo jaje, an yi jawabai. To, mu tambayarmu ita ce, sai abu ya faɗo kan mutane sa'an nan hukuma za ta tuna yana nan?

Duk mai son ganin abin da ke faɗuwa ba ƙara, ya bi ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, ya zaga ta Ƙofar Gayan. Wani wurin an haƙe ta an buga tubali, wani wurin an jingina gida a jikinta, wani wurin kuwa sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan take dā. Rimayen da aka san Zariya da su, har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, kullum raguwa suke yi, ba mai dasa madadinsu.

A wajen ganuwa ma haka abin yake. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, Samaru kuwa ta bunƙasa da gonar gwaji da kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Yau ga gari ya miƙe har Zabi da Basawa da Bomo, gonaki sun zama fulotai. Kogin Kubanni, wanda ya ratso ta Samaru ya bi tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya faɗa Galma, shi ya zama juji. A cikinsa ake zuba shara da ruwan lambatu, a bakinsa ake yanka fili, da ruwansa kuma masu lambu ke ba alayyafo da tumatir da muke saye a kasuwa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ran da damina ta yi ƙarfi, ɗakin talaka zai fara ci.

Laifin wa? Masu mulki sun saba cewa laifin jama'a ne, wai ba su bin doka. Wannan magana ba ta shige mu. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna. A 1979 aka kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, a 1992 aka yi dokar tsara birane. A Jihar Kaduna ga KASUPDA mai ba da izinin gini, ga KADGIS mai rajistar filaye. Ashe doka ba ta yi ƙaranci ba, ma'aikata ma haka. Talaka bai taɓa ba kansa takardar fili ba. Ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya saya, ya aza tubali ana kallonsa, sai ya yi rufi ya tare da iyali sa'an nan a zo da jan fenti, bayansa katafila. Mutanen Zariya sun ga irin wannan rusau ɗin a 2021, ba labari aka ba su ba. Wannan ba tsara gari ba ne, ihu ne bayan hari.

Saboda haka muna kira ga Gwamnati da Majalisar Dokokin Jiha da abu huɗu.

Na ɗaya, a sa safiyo ya auna abin da ya rage na ganuwa da ƙofofinta, da Dutsen Kufena, da gaɓar Kubanni da Galma, a shata layin da ba mai ƙetare shi, ko shi wane ne.

Na biyu, a buga taswirar da Hausa, a manna a ofishin hakimi da ƙofar gidan kowane mai unguwa, don mai sayen fili ya gani kafin ya biya.

Na uku, wanda layi ya ci gidansa alhali yana da takarda, a biya shi diyya, a ba shi wani wuri, kuma a tuhumi ma'aikacin da ya sa hannu.

Na huɗu, a ware kuɗi cikin kasafin kowace shekara don yaɓen ganuwa da duban tsofaffin gine-gine bayan damina, a ba magina na gargajiya aikin, tun da har yanzu akwai su.

Ku kuma mutanen Zabi da Samaru da Sabon Gari, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi ina ya tsaya kan waɗannan huɗu. Titi in ya lalace ana sake shi baɗi. Ganuwa in ta tafi, ta tafi ke nan.