Darasin farko na ilimin zamantakewa yana gonar gandu

Ɗan ƙanena yana shekarar farko a jami'a, ilimin zamantakewa yake karantawa. Da ya zo hutu da damina, na tarar da shi a gindin darbejiya yana haddar ma'anoni kamar mai tilawa: mene ne matsayi, mene ne ƙa'idar zama, mene ne sauyin al'umma. Duk da Turanci, misalan kuma daga biranen da bai taɓa takawa ba. Na ce, "Kai yaro, ba ni misali ɗaya daga nan Bakori." Sai ya yi shiru. Alhali ga yayyensa uku can suna huɗa a gonar ubansu, laka har gwiwa.

Abin da suke yi sunansa gandu. 'Ya'ya, har da masu aure, suna yi wa mai gida aiki tun safe zuwa azahar. Shi kuma ya ciyar, ya yi wa wanda ya isa aure, a da ma shi ke biyan harajin kowa. Da la'asar kowa ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Babu takardar da aka rubuta wannan, amma ɗan da ya ƙi fita, ko uban da ya sayar da hatsin rumbu ya ƙara aure, kafin magariba gari ya ɗauka. To ga matsayi, ga haƙƙi da wajibi, ga hukuncin jama'a, duk a gona ɗaya. Haka biki: matar da ta kai wa ƙawarta dubu biyu ran suna ta san ran nata za a mayar mata da ƙari, kuma kowacce tana riƙe da lissafin a ka.

Abin da ke ci mini rai shi ne baƙi sun san darajar waɗannan kalmomi. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, ta fitar da littafinta a 1972, gandu na tsakiyarsa. Paul Clough ya zauna a Marmara, kusa da Malumfashi, tun 1977, ya nuna cewa manomin da ya yi arziki a nan ba ya iya tara shi shi kaɗai, domin nauyin mata da 'ya'ya da barori da masu neman rance yana wuyansa. Kafin su duka, Ibn Khaldun ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin zumuncin da ke haɗa kan jama'a, a 1377, shekaru fiye da 400 kafin Auguste Comte ya raɗa wa fannin suna a Faransa.

Ban ce a watsar da littattafan waje ba. Yaro zai yi jarrabawa, kuma dole ya san Durkheim da Weber. Ban kuma ce gandu zuma ce zalla ba. Na ga ƙanen da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noma, makullin rumbu na aljihun wansa. Amma wanda ya fara da abin da idonsa ya gani, shi zai gane na littafi, har ya iya yi masa gardama.

Kuma muna bukatar masu wannan ido. Tun da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, taki da masara suka canza lissafin gida. Ƙwadago ya ture gayya, gado yana ta yanka gonaki, samari sun gwammace acaɓa da ci-rani. Yau ga magidanta daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da 'yan bindiga suka kora, suna haya a Funtuwa. Mutumin da jiya 'ya'ya bakwai ke fita gona da umarninsa, yau ɗansa mai tura baro ke ciyar da shi. Wa ke mai gida a wannan ɗaki? Wa zai yi wa ƙannen aure? Mai raba tallafi da ke ƙirga kawuna bai san da wannan tambaya ba.

Roƙona ga malamai shi ne su tura ɗalibai hutu da littafin rubutu, kowa ya ƙirgo gidajen unguwarsu da ke cikin gandu har yanzu, da shekarar da sauran suka rabu, da dalili. Na sa ɗan ƙanena ya gwada. Ya fara da kakarsa, a kan biki kawai, suka kai har isha'i ba ta gama ba.