Babur Da Hunturu: Laifin Sanyi Ne Ko Na Mai Shi?

Hunturu ya kama a ƙasar Haɗejiya. Iska ta taso daga arewa maso gabas, hazo ya rufe fadama, da asuba ruwan randa sai ka ce ƙanƙara. Manoman alkama murna su ke yi, don alkama ba ta son kome kamar sanyi. Amma wanda ya bi ƙofar gidaje da sassafe a Auyo, ko Kafin Hausa, ko Kirikasamma, abu ɗaya zai tarar: mutum bisa babur yana ta dukan kik, har gumi ya keto masa cikin jaura, babur ya ƙi tashi. In ya gaji ya kira yara su tura. In an tambaye shi sai ya ce laifin sanyi ne. To, sanyi yana da nasa, ba a musu. Amma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan laifin yana wuyan mai babur.

Maganar ba ƙarama ba ce. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ana sakin ruwa cikin Kogin Haɗejiya har da rani, noman ban ruwa ya yi ƙarfi. A Janairun 2023 aka buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya a Auyo, a Nuwamban wannan shekara kuma aka ƙaddamar da noman alkama na ƙasa a Kadume. Watau aikin da ya fi tsanani a fadama yanzu ya faɗo daidai tsakiyar sanyi. Lambu kuwa sau da yawa yana nesa da gida. Babur ke kai injin ban ruwa da jarkar mai da buhun taki, shi ke fito da tattasai da albasa bakin titi. Aikin da jaki da doki suka yi wa kakanni, yau shi ke yinsa. In ya kwanta kwana uku a wurin bakanike sa'ad da alkama ke fid da kai, ban ruwa ya wuce lokacinsa, hasarar a buhu za a gan ta. Tumatirin da ya kwana cikin kwando kuma, ɗan kasuwa ya san abin da zai taya shi.

Haɗejiya garin mahaya ne tun da. Babu mai dokin da zai kwanto shi daga barga da asuba ya zabure shi sukuwa. Sai ya duba ƙafafunsa, ya share masa jiki, ya fara da tafiya sannu. Me ya sa jikan wannan mahayi zai yi wa babur abin da kakansa ba ya yi wa doki?

Ga abin da sanyi ke yi wa inji. Fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska, in kuwa ƙarfe ya yi sanyi tururin ba ya tashi sosai. Don haka aka yi cok, ya rage iska ya ƙara mai. Bakin mai kuma yakan yi kauri da dare, ya koma ƙasan inji ya kwanta. Sa'ad da babur ya tashi, sai an ɗan jima kafin man ya zagaya ya kai sama. Wanda ya murɗa totur har ƙarshe a wannan lokaci, don maƙwabta su ji ƙara, ƙarfe ya ke gogawa da ƙarfe ba isasshen mai a tsakani. Abin da ya kamata shi ne a ja cok, a ta da inji, a bar shi yana aiki sannu minti ɗaya ko biyu, a mai da cok, sa'an nan a tafi a hankali har inji ya ɗauki ɗumi. Mantawa da cok a jaye shi ke sa fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa ƙarewa ba dalili, gobe da safe kuma a sake tura babur.

Wani zai ce, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya zama zinariya, ina dalilin ƙona shi a tsaye? Yana da hujja, in ana nufin mai barin babur yana ruri shi kuwa yana ciki yana shan koko. Wannan ɓarna ce. Amma man minti biyu bai kai abin da za a yi ciniki a kansa ba. A kwatanta shi da kuɗin fistin da ringi da ladan bakanike, a ga wanda ya fi araha. Sauri ya kan haifi nawa.

Babban abokin gāba ma ba sanyin ba ne, ƙura ce. Ƙurar hunturu ta fi garin tuwo laushi, ga kuma turɓayar hanyoyin ƙauye. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, abin da ke tsare shi kuwa matatar iska ce, wadda bakanikai ke kira iyakilina. In ta toshe, babur ya rasa ƙarfi ya yi ta shan mai. Nan ne waɗansu ke yin babban kuskure: sai su cire ta su yar, ko su huda ta, su ce ai ga shi ya samu ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙura ta shiga ta gauraya da mai, ta riƙa cin ringi kamar dutsen wāshi, kafin a yanke alkama salansa ya fara hayaƙi. Da hunturu a duba matatar nan kowane mako. In ta soso ce a wanke ta da kananzir, a matse, a bari ta bushe, a ɗan shafa mata bakin mai. In ta takarda ce kada ruwa ko mai ya taɓa ta, a kakkaɓe, in ta gaji a sake sabuwa.

Haka sarƙa. Zuba mai bisa ƙura ba gyara ba ne, sai an wanke da kananzir tukuna. Iskar taya takan ragu da sanyi, saboda haka da safe a ke dubawa, kafin a aza buhu. Wanda ya ratsa ruwa ko laka a fadama ya taka birki sau biyu sau uku a hankali, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa. Bakin mai kuma a juye shi da wuri fiye da yadda a ke yi da damina. A nan akwai magana ga 'yan kasuwa. Mai sayar da bakin man da ba a san asalinsa ba cikin tsohuwar kwalba, ya sani cewa injin da ya kashe na mai sayen kayansa ne. Shi ma manomi ya nemi man da ke rufe da hatiminsa. Araha ba ta ado.

Sai mahayin kansa. Sanyin da mutum ke ji a tsaye daban ne da wanda zai ji bisa babur, don iska tana kwashe ɗumin jiki. Yatsun da suka ƙage ba su kama birki da sauri. A sa safar hannu, a rufe ƙirji da hanci, a tsare ido. Amma a lura da bakin rawani da babbar riga da mayafin wadda aka goyo, a tattare su, don in taya ta kama su ba ta saki. Hular sanyi ba ta maye gurbin hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta tun farkon 2009. Cikin hazo a kunna fitila ko da rana ta fito, ba don mahayi ya gani kaɗai ba, don direban babbar mota ya gan shi. A rage gudu, gama shanu da amalanke ba su da fitila.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan haɗari. Don gudun ɓarayi da raɓa mutane kan shigar da babur zaure ko ɗaki, daidai ne. Amma a wannan zauren ne a ke hura wutar jin ɗumi, wani lokaci ga jarkar man ban ruwa a lungu. Tururin fetur yana bin ƙasa, yana iya kai wa garwashi daga nesa, hunturu kuwa kome a bushe ya ke. Kada wuta da babur su kwana ɗaki ɗaya, kada kuma a kanga wa inji wuta wai don ya yi ɗumi. Haka nan kada a ta da shi cikin ɗaki a rufe. Hayaƙinsa yana da guba marar wari wadda ke kashe mutum yana barci.

Duk abin da aka lissafa, ban da sabuwar matata da bakin mai, ba ya cin kuɗi, minti goma ne da safe. Ƙungiyoyin manoman alkama da na shinkafa, waɗanda ke taruwa kan maganar taki da iri, ya kamata su gayyaci bakanike guda ya nuna wa jama'a wannan aiki kafin shuka, gama injin ban ruwa ma irin kulawar da ya ke so ke nan. Akawu mai zuwa ofis da ɗan kasuwa mai bin ƙauyuka su ma su ɗauki nasu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanyi zai wuce a watan Fabrairu kamar yadda ya saba, amma injin da aka lalatar cikinsa ba zai warke don zafi ya dawo ba.